Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Muka Daka Dutse a Tsakar Gida

A makon jiya na tsaya a inda Maigida ya jingine garma ya bi samarin garinmu ramin zinare. A 2009 ke nan, lokacin da duk ƙasar Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara ba a zancen komai sai zinare.

A buhu ake kawo dutsen gida. Mu mata mu farfasa shi da guduma, mu daka a turmi, wanda ya gagara a kai injin niƙa, injin nan dai da muke kai gero da dawa. Ƙurar mai laushi ce ƙwarai. Takan kwanta a faifai, a murfin randa, har a gashin ido, yara kuma suna rarrafe a cikinta suna kai hannu baki. Ba wanda ya ji tsoronta, don kowa ƙasa ya ɗauke ta.

Cikina bai cika wata uku ba ya zube. Da asuba na ji mara ta murɗa, kafin rana ta ɗaga jini ya ɓalle. Inna, uwar mijina, ta zauna a bakin gadona ta ce, "'Yar nan, daka ne ya yi miki yawa." Da na sake samun ciki sai ta hana ni taɓa taɓarya, ta mayar da ni tankaɗe. Tausayina ta ji, Allah Ya jiƙanta, amma ba aikin da ya kai tankaɗe tayar da ƙura. Ina zaune, rariya a cinya, garin dutse na tashi yana shiga hancina. Shi ma wannan cikin bai zauna ba.

Daga nan zance ya sauya. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce mahaifata ba ta riƙo, wata ma ta ce a dubi kishiyata, baiwar Allah da ita ma ta yi nata ɓarin a shekarar. Na sha rubutu, na sha saiwoyi.

A 2010 yara suka fara jijjiga suna mutuwa a Dareta, Yargalma, Abare da sauran ƙauyuka. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka zo, aka gwada jini da ƙasa, aka gano gubar dalma ce da ke cikin dutsen zinaren. Yara sama da 400 suka rasu. Aka riƙa kankare ƙasar tsakar gidaje ana zuba sabuwa, shi ƙauyen Bagega sai a 2013 aikin ya kai gare shi.

Ina jinyar ɗan kishiyata a asibiti na yi ƙarfin hali na tambayi wata ma'aikaciyar jinya. Ta ja kujera ta zauna. Ta ce, "'Yar'uwa, kusan rabin ɓarin farkon ciki daga yadda ɗan tayin ya haɗu ne, ba laifin kowa a ciki. Amma dalma tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗa, kuma tana ƙara haɗarin ɓari." Ta ce gubar kan kwanta a ƙashi shekara da shekaru, sai mace ta yi ciki, jiki ya fara ɗibar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, daga ƙashin, gubar ma ta biyo shi cikin jini. Ta dubi idona ta tambayi irin kwallin da nake sa wa, don akwai wanda daga dutsen dalma ake yin sa. Ta kuma gargaɗe ni da hayaƙin itace a rufaffen madafi, da wanke kayan mai feshin gona da hannu.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, an ƙirga ƙananan kaburbura, kuma daidai ne a ƙirga su, amma cikin da ya zube a bayan ɗaki ake binne shi, mace ta wanke zanenta ta yi shiru. Mu da yawa a garinmu muka ɗauki laifin muka ɗora wa kanmu.

Da na koma gida na ce wa Maigida buhun dutse ba zai sake shigowa zaure ba, kayan aikinsa ma a can zai riƙa tuɓe su ya yi wanka. Ya ce da me za mu ci? Yadda muka kwashe da shi, da abin da ya mayar da ni gidan Babanmu a Gusau, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.