Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Riƙon Ƙwarya

Jama'a assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya ne inda na fara raba wasiƙu a New York a matsayin CCA, mu ne 'yan kwantiragin kwana 360, a sallame ka kwana 5 a sake ɗaukarka. A 2013 aka fito da tsarin bayan hukuncin Das, mai sasanci tsakanin ƙungiyarmu da hukumar gidan waya. Ba ka da layinka, wato titunan da kai ke raba wa wasiƙu kullum, yau a jefa ka nan gobe can, sai da asuba ka san inda za ka nufa.

Kawu Alhaji duk sanda na kira gida Kumasi maganarsa ɗaya ce, ɗana kayan aro ba ya rufe katara, ka koma tasi kamar yayanka. Wallahi maganar nan ta daɗe tana cina.

To sai wata dattijuwa mai layi ta tafi tiyatar gwiwa. Ina tsaye ina jera wasiƙu a ramukan kes, kantar da ake ware su, wakilin ƙungiyarmu ta masu raba wasiƙu, NALC, ya ja ni gefe ya ce sashe na 41 na yarjejeniyar aikinmu ya ba ni dama, duk layin da mai shi zai yi kwana 5 ko fiye baya nan, CCA da ya haura kwana 60 zai iya neman riƙon ƙwarya, wanda ya riga shiga aiki shi ke gaba, kuma in an ba ka sai mai shi ya dawo, da lokacin shigarsa da komai. Ya ce rubuta a takarda, sa kwanan wata, ka ɗauke ta hoto kafin ka miƙa. Haka na yi.

Na san layin nan kamar yunwar cikina, benen da akwatinsa ke cijewa sai ka girgiza makulli, da tsohon da ke jirana bakin ƙofa farkon wata. Ranar nan kawai sufa, mai kula da mu, ya ce in bar keken wasiƙun, ya ba wani yaro nasa da ya zo bayana. Ko kallona bai yi ba. Uwargida ta ce in yi haƙuri, ni kuma a kunnena Kawu kawai nake ji, kayan aro, kayan aro. Shekaru bayan haka da na zama cikakken ma'aikaci sufan nan ya zo yana min murna har da dafa kafaɗa, na amsa don musulunci amma ban manta ba.

Kwana 14 ake da shi na shigar da ƙorafi, wakili bai jira ba. Ya ce wa sufan ana iya ɗaga ɗan riƙo ne in cikakken ma'aikaci ya rasa aikin awa 8 kuma babu wani aikin da za a ba shi, ina cikakken ma'aikacin a nan? Hoton takardar nan ya raba gardama, aka mayar da ni. Har hutun kwana 5 ɗin ya zo ya wuce layin yana hannuna, don shi ma baya karya riƙo.

Wakilin nan kullum sai ya tuna mana yajin aikin Maris 1970 da ya faro daga New York har Nixon ya turo sojoji, daga nan ƙungiya ta samu ikon zama a yi cinikin albashi da sharuɗɗan aiki. Na so in zauna da Kawu in faɗa masa aron nan da dokarsa a rubuce, Allah bai nufa ba, ya rasu kafin in je gida. Allah ya jiƙansa.

Mako mai zuwa in sha Allahu zan kawo muku yadda dattijuwar ta dawo da abin da ta ce min.