Wa ya naɗa ka mai gadin ƙofar punk?

Duk cikin masu son kiɗa ban ga waɗanda suka iya korar junansu kamar mu 'yan punk ba, wato masu son wani salon kiɗan jita na Turawa mai sauri da hayaniya. Kiɗan da aka gina a kan cewa kowa zai iya yi, ko bai ƙware a jita ba, ko muryarsa ba daɗi, shi ne ya fi kowanne yawan masu tsayawa bakin ƙofa suna tantance wane ne na gaske, wane ne ɗan bogi. Na daɗe ina sauraron kiɗan nan, na daɗe ina jin gardamar, kuma rabinta ya ishe ni. Na ce rabi, don ɗaya rabin akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Abin ba yau ya fara ba. A Janairun 1977 wata 'yar mujallar matasa a Ingila mai suna Sideburns ta zana hanyoyi uku na ɗora yatsu a kan tsirkiyar jita, ta rubuta a ƙasa cewa to, sai ka je ka kafa ƙungiyarka. Iyakar sharaɗin shiga ke nan. A cikin watan nan dai ƙungiyar The Clash suka sa hannu da kamfanin CBS a kan fam 100,000, sai Mark Perry mai mujallar Sniffin' Glue ya ce ranar ce punk ya mutu. A lokacin ko faifai ɗaya The Clash ba su fitar ba. Jariri ko suna ba a yi ba, har an fara zaman makokinsa.

In da ma'aunin masu gadin ƙofar nan za a bi, su kansu kakannin ba za su tsallake ba. Daga Oktoban 1976 zuwa Mayun 1977 ƙungiyar Sex Pistols sun sa hannu da kamfanonin EMI, da A&M, da Virgin. Biyun farko sun sallame su, amma sun tafi da kuɗinsu a aljihu. Manajansu Malcolm McLaren ɗan kasuwa ne, yana da shagon tufafi a titin King's Road a Landan shi da Vivienne Westwood, kuma kayan shagon ne a jikin yaran. Glen Matlock, wanda da hannunsa aka tsara yawancin kiɗansu, ya fita, aka maye gurbinsa da Sid Vicious wanda bai iya kiɗan ba amma ya iya shiga da harara. Yau hoton Sid ɗin ne a ƙirjin masu cewa yaran zamani kwalliya kawai suka sani. Joe Strummer kuwa, mawaƙin The Clash, da ake yi wa kallon muryar talakan Landan, a Ankara aka haife shi, ubansa ma'aikacin diflomasiyya ne, kuma makarantar kwana ta kuɗi ya yi. Wannan bai rage masa ƙima a idona ba ko kaɗan.

Amma masu tsoron manyan kamfanoni ba mahaukata ba ne. Kuɗin da kamfani ke ba ƙungiya ranar sa hannu ba kyauta ba ce, bashi ne da za a cire daga cinikin faifai, kuma yawanci kamfanin ne ke mallakar abin da aka naɗa. In faifan bai sayu ba, a yi watsi da ku. Bayan da ƙungiyar Nirvana suka yi kasuwa a 1991, kamfanoni suka bazama cikin ƙananan wuraren wasa suna neman na gaba. Wurin da matasa suka gina da guminsu, su shara, su karɓar tikiti, su ɗaukar lasifika, sai ya zama wurin farautar wasu.

Shi ya sa ba na jayayya da dokar 924 Gilman Street, wani zauren wasa a Berkeley ta Kalifoniya da aka buɗe a ƙarshen 1986, wanda 'yan sa-kai ke gudanarwa. Ba giya, ba ƙwaya, ba faɗa, ba wariyar launin fata, kuma ƙungiyar da ta shiga hannun babban kamfani ba ta hawa dandamalinsu. Ƙungiyar Green Day a nan suka tashi. Da suka bar ƙaramin kamfanin Lookout suka koma Reprise, suka fitar da faifan Dookie a 1994 ya sayar da miliyoyi, sai ƙofar ta rufe musu, ba sani ba sabo. Sai a 2015 aka yarda suka dawo suka yi wasan tara wa jama'a kuɗi. Doka ce a fili, kowa ya san ta tun kafin ya shigo, kuma wuri ɗaya take karewa. Haka Fugazi na Washington, ƙungiyar Ian MacKaye, wanda ya kafa kamfanin Dischord a 1980 shi da Jeff Nelson. Sun yi shekaru suna tsayar da tikitinsu a kusan dala 5, yaro da babba kowa ya shiga, ba sa sayar da riga, manyan kamfanoni sun nema sun ƙi. Wannan takura ce da mutum ya ɗora wa kansa, asarar ma daga aljihunsa take fita.

Inda abin ya lalace shi ne da ya tashi daga doka ya koma hukunta mutane. A zauren Gilman ɗin nan, a 1994, wasu suka tarar wa Jello Biafra, tsohon mawaƙin Dead Kennedys, suka kai shi ƙasa suna duka suna kiransa wanda ya sayar da kansa, har suka ji masa mummunan rauni a gwiwa. Mutumin da tun 1979 yake da nasa ƙaramin kamfani, Alternative Tentacles, yake fitar da faifan waɗanda ba wanda zai kula su. Laifinsa dai an san shi. In Biafra bai isa ba, to ba wanda zai isa.

Na taɓa tsayawa a layin shiga wani wasa, a gabana wata yarinya da ba za ta wuce shekara goma sha bakwai ba, sanye da baƙar rigar ƙungiyar Ramones mai tambarin mikiya, sabuwa fil, ko lanƙwasar guga ba ta bar ta ba. Wani mai furfura a gemu, jaket ɗinsa cike da ƙusoshi da faci-faci, ya juyo ya nuna rigar da haɓa ya ce ta faɗo masa waƙoƙinsu uku. Ta faɗi ɗaya, ta tsaya, ta shiga murza tikitin hannunta. Ya yi murmushi ya kalli abokansa. Da aka shiga ciki, can baya ta tsaya jikin bango, ta rufe rigar da hannuwa.

Da ya san tarihin da yake taƙama da shi, da ya kyale ta. Faifan Ramones na farko, na 1976, sai a 2014 ya kai kwafi 500,000 a Amurka, bayan 'yan ƙungiyar Joey da Dee Dee da Johnny duk sun mutu. Rigar da Arturo Vega ya zana musu tana cikin abin da ya riƙe su a hanya shekara da shekaru, kuma mutane da yawa ta rigar suka fara jin sunan.

Kuma a lura da waɗanda ake yi wa jarrabawar. Ban taɓa ganin an tare ƙato mai tsaga a gira an ce ya faɗo waƙoƙi uku ba. Mata ake tarewa, da yara, da mu baƙar fata. Ni ma na sha ganin kallon nan na me ya kawo ka. Alhali Poly Styrene, 'yar wani Basomale, tana kan dandamali a Landan da X-Ray Spex tun 1977, kuma Bad Brains, baƙaƙe huɗu daga Washington, su ne suka nuna wa su MacKaye irin gudun da kiɗan nan zai iya yi.

Kafin su ma akwai Death, 'yan'uwa uku baƙar fata daga Detroit, David da Bobby da Dannis Hackney. A 1975 suka naɗi waƙoƙinsu, tun faifan Ramones bai fito ba. Kamar yadda suka bayar da labari, wani babban kamfani ya so ɗaukarsu in za su sauya suna, David ya ce atafau. Bisa ma'aunin masu gadin ƙofa ba wanda ya kai su tsarki. Kaset ɗin ya yi shekara talatin da wani abu a ajiye a gida, sai a 2009 aka fitar da shi. David ya mutu tun a shekarar 2000.