Rijiyoyin da suka taru a gindin tsamiya

Juma'ar nan na miƙa makullin ofis, bayan shekara uku ina zagaya ƙauyuka muna sa rijiyoyin burtsatse a taswira. Cikin duk abin da ya faru, rana ɗaya ce har yau take ci mini tuwo a ƙwarya.

Mun dawo daga ƙauyukan Gumel, na buɗe QGIS, manhajar da muke zana taswira da ita, sai na tarar duk rijiyoyin da muka ɗauka bayan azahar sun hau ɗigo ɗaya: gindin tsamiyar da muka yi sallah. Kun san na'urar, 'yar baƙar GPS ɗin nan mai Bluetooth da ba ta fi akwatin ashana ba. A nan ta yanke da kwamfuta, ta sake haɗuwa, shuɗiyar fitilarta tana ta ƙyaftawa, ni kuwa na gaskata fitila. Wannan laifina ne. Da na leƙa cgps, manhajar da ke nuna abin da GPS ke bayarwa, sau ɗaya, da na ga ba a samun wuri.

Oga bai tambayi dalili ba. A gaban kowa ya ce ai dama kayan kyauta ba ya abin kirki, in cire Linux, tsarin kyauta da kwamfutar ke aiki da shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dare ɗaya." Ya juya baya, aka cire kuɗin man komawa daga albashina.

Daren ban runtsa ba. Na tsayar da gpsd, manhajar da ke karɓar bayanan GPS, na karanta /dev/rfcomm0, ƙofar da na'urar ke magana da kwamfuta ta Bluetooth, kai tsaye. Layukan NMEA, wato bayanan da GPS ke aikowa, suka zubo, $GPGGA da $GPRMC, lafiya lau. Na kashe na'urar na kunna, sai ƙofar ta ƙi buɗuwa. A journalctl, mai nuna rajistar abin da ke faruwa a kwamfuta, na kama ɓarawon: ModemManager, manhajar da ke kula da modem. Da zarar ƙofar ta bayyana sai ya riga kowa, yana aika mata umarnin AT, irin na modem, yana zaton modem ce. Na kashe shi, matsalar ba ta sake dawowa ba.

Ga wanda zai gaje ni: ka sa sunanka a rukunin dialout, masu izinin buɗe irin wannan ƙofa. Kada ka gwada na'urar ƙarƙashin rufin kwano. Sai ta kama taurarin ɗan'adam huɗu za ta ba ka wuri har da tsayi, in kuma ta daɗe a kashe ka yi mata haƙuri, saukar da jadawalin taurarin kan ci minti 12 da rabi.

Kwamfutar tana nan da Linux ɗinta, nau'in Ubuntu, da ita aka ƙarasa taswirar. Oga har na fito bai tambaye ni me na gyara ba.