Ashe da kunne ake tsayuwa

Kwana biyu bayan an dasa mini na'urar ji a kunnen hagu, na sauko daga gado zan shiga banɗaki, sai ɗakin ya juya da ni. Na dafe bango. Ƙanwata ta riƙo ni, ina ganin bakinta na motsi amma ba na jin abin da take cewa, don sai da aka yi mako uku kafin a kunna na'urar.

A takarda likita ya zana mini dalili. Can cikin kunne akwai wani abu mai siffar katantanwa, nan ake zura siririyar wayar na'urar. Manne da shi akwai bututu uku masu lanƙwasa da 'yan jakunkuna biyu, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai a miƙe yake ko ya karkata. Ruwansu a haɗe yake, shi ya sa in aka taɓa wannan sai wancan ya girgiza. Ashe gwajin da aka yi mini kafin tiyata, aka ɗura mini ruwan ɗumi da na sanyi a kunne ana kallon idona, don wannan ne. Kunnen hagu ya fi rauni wajen tsayuwa, sai aka yi aikin a can, aka bar mini na dama in dogara da shi. A ganina duk wanda za a yi wa dashen nan ya nemi wannan gwajin.

Hajijiyar ta lafa cikin kwana goma. Abin da ya daɗe shi ne tangaɗi a duhu. Da rana ido da tafin ƙafa suna rufa wa kunne asiri. Amma fita sallar asuba a lungunmu, ba wuta, ga rairayi yana zamewa ƙarƙashin takalmi, sai in riƙa layi ina laluben katangar maƙwabta. Ɗagowa daga sujada ma sai a hankali. Wata guda a zaune na yi salla, kuma abin ya taɓa mini zuciya.

Motsa jikin da aka ba ni: in manna harafi a bango, in kafe shi da ido, ina juya kai hagu da dama. Sau uku kullum. Farkon yi har amai yake tasar mini.

Yanzu ba na fita asuba sai na maƙala ɓangaren na'urar na waje a bayan kunne. Ina jin takuna, ina jin ta wane gefe muryar ladan ta fi ƙarfi in na juya kai, sai ƙafata ta fi zama. Tocila kuwa har yau tana aljihuna.