Na sake wa kifayena gida

Wata uku ke nan ina kallon tankin kifin da ke falo raina ba daɗi. Furannin roba ne kawai a ciki da tsakuwa mai launi, kifayen ba su da maɓoya, da an buɗe ƙofa sai su rikice suna karo da gilashi.

Ranar Asabar da muka je Dadin Kowa na tsinci wani busasshen icce a bakin kogin Gongola. Ruwa ya cinye ɓawonsa tas, ya yi sumul, ga rassa uku kamar yatsu. Na haɗo da duwatsu. Kowanne sai da na ɗiga masa ruwan khal. Biyu suka yi kumfa, alamar dutsen farar ƙasa ne irin wanda ake haƙa a Ashaka, a hankali yake narkewa ya canja ruwan. Na ajiye su gefe.

Iccen kuwa awa biyu na dafa shi a tsohuwar tukunya, ruwan ya koma kamar shayi, duk da haka da na saka shi sai ya taso sama. Uwargida ce ta ce, "Maigida, ɗaure shi jikin babban dutsen mana." Da zaren kamun kifi na ɗaure, ya zauna daram. Soson matatar ruwan tankin kuwa ban wanke shi da ruwan famfo ba, don kada ƙwayoyin da ke tsaftace ruwan su mutu.

Bayan sallar isha'i na tarar da ƙaramar tarwadar da ke cikin tankin kwance ƙarƙashin reshen, gashin bakinta kaɗai ke motsi. Na daɗe a tsugune ina kallonta, wallahi.