Abin da Haɗa Sassan Injin CFM56 Yake Koya wa Makaniki

Injin CFM56-7B da ke rataye a fiffiken Boeing 737-800 ba dunƙule guda aka ƙera shi ba. Manyan sassa ne aka harhaɗa: fanka mai ganye 24 da ƙaramin kwamfreso (na'urar matse iska) mai hawa 3, wato jerin ganyaye 3, a gaba, sai cibiya, inda babban kwamfreso mai hawa 9 yake tare da ɗakin ƙona mai da tabain (ganyayen da iskar konewar mai ke juyawa) mai hawa 1, sai tabain na baya mai hawa 4, sannan akwatin giya da ke juya famfon mai da janareta. Kowanne ana iya zare shi a sa wani, ba sai an wargaza injin duka ba.

Sai dai sabon makaniki yakan ɗauka in sashe ya shiga gurbinsa, noti ya ɗauru, aiki ya ƙare. Ina! Kowane faifai mai juyawa da ganyaye ke kafe a jikinsa yana da iyakar kwanansa, ana ƙirga shi da tashi da sauka. Na fanka sukan kai 30,000, na tabain na baya 25,000, na cibiya kuwa 20,000 ne, don su ke shan zafi da matsi. To a ce an gyara cibiya ta koma garau, aka haɗa ta da tabain na baya da saura masa 2,000. Injin zai yi ƙara mai daɗi a ɗakin gwaji, amma ba a jima ba sai an sake sauke shi, an kashe kuɗi sau biyu. Shi ya sa kafin a taɓa sifana ake baje takardun kowane sashe, a daidaita ragowar kwanansu. Faifan da tarihinsa ya yanke, ko da yana sheƙi, ba ya hawa jirgi.

Sauran matsalar a mahaɗa take. Sashe biyu, kowanne an daidaita nauyinsa shi kaɗai, in an haɗa su sai girgiza ta bayyana, dole a ƙara ƙananan nauyi a wajen fanka har ta lafa. Tazara tsakanin bakin ganye da bangon injin kuma in ta yi yawa, iska ta riƙa sulalewa, injin ya ƙara shan mai, zafin hayaƙinsa ya matso kusa da iyaka. A filin da rana ke ƙuna irin na Kano, wannan ragowar da ke tsakanin zafin hayaƙi da iyakarsa ce ke fara ƙarewa lokacin tashi da cikakken lodi.