Kududdufin da na gina da kuɗina

Ranar da leburori suka fara haƙa, Hajiya, mahaifiyata, ta leƙo bayan gida, ta dubi ramin, ta dube ni, ta ce, "Kai yanzu kududdufin da na sha dukanka a kansa shi ne za ka kawo mani cikin gida, kuma da kuɗinka?" Na rasa abin cewa, don gaskiya ta faɗa. Muna yara a Katsina, da damina ta kankama ramukan da aka ɗebi ƙasar gini sai su cika, mu faɗa ciki mu yini, mu dawo idanu jajur, wasunmu har da tsargiya. Son ruwan nan bai taɓa sakina ba. Tafiyar kasuwanci zuwa Dubai ta ƙara hura wutar, domin kowane masauki na sauka sai na tarar da wurin iyo shuɗi tas, da ɗan bahon ruwan zafi a gefe yana tafarfasa. Na cika wayata da hotuna, na dawo da niyyar gina nawa wurin iyon a gida.

Fulotina yana bayan gari, kuma akwai fili a bayan ginin da babu komai sai bedi guda biyu, itacen da Kanawa ke kira darbejiya. A ƙarshen 2022 na kira wani injiniya na nuna masa hotunan. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin da ruwa ke kwarara ta gefe ɗaya kamar ba shi da gaɓa. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan sai gidan da ke kan tudu yana kallon teku. Kai me zai kalla, katanga?" Ya ƙara da cewa irin wannan yana buƙatar wani tankin a ƙasa da zai tare ruwan da ke zuba, da ƙarin famfo, kuma ya fi saurin ƙafewa. Na haƙura.

Sai maganar girma. Ni mita 10 tsawo da 5 faɗi nake so, zurfi mita ɗaya da rabi. Ya ɗauki biro ya buga mani lissafi a bayan kwalin tayil: lita 75,000 ke nan. Ya tambaye ni awa nawa rijiyar burtsatsena take bayar da ruwa kafin ta fara tari a watan Afrilu. A nan jikina ya yi sanyi. Muka tsaya a kan mita 6 da 3, zurfin ya fara daga mita ɗaya ya gangara zuwa 1.4, wanda ya kama lita dubu 21 da 'yan kai. A can ƙasashen waje ma yanzu ƙananan sun fi shiga a gidajen da fili ya yi kaɗan, na tsoma jiki a huce ne, ba na tsere ba. A gefe guda muka fitar da ɗan dakali a cikin ruwan, zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Wannan dakalin da na ɗauka ado ne, shi ya zama wurin da aka fi zama a gidan nan.

Kuskurena na farko gaggawa ta jawo shi. Aikin ya faɗo cikin watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, tsabar kuɗi ta yi wuya, leburori kuma ba sa karɓar taransifa. Aka zuba kankaren ƙasa, aikin ya tsaya kwana tara, sannan aka zo aka zuba na bango. Tsohon kankare da sabo ba sa kama juna yadda ya kamata, shi ya sa ake binne wata roba a mahaɗarsu don ta tare ruwa. Magini ya ce filasta mai maganin ruwa za ta wadatar, injiniyan ya yi tafiya, ni kuma ina so a gama kafin azumi, na yarda. Bayan an cika, sai na ga ruwan yana sauka fiye da kima. Magini ya ce rana ce. Injiniya da ya dawo ya koya mani wata dabara: a cika bokiti da ruwa a ajiye shi a kan matakala a cikin wurin iyon, a yi alama a bokitin, a yi a bango, a kashe famfo, a dawo gobe. Rana ɗaya ce ke dukansu, don haka in na bango ya fi na bokiti sauka, yoyo ne. Ya fi shi nesa ba kusa ba. Muka kwashe ruwa, aka fasa tayil layi biyu ta ƙasa, aka toshe. Kuɗin gyaran ya ninka kuɗin robar sau da yawa.

To ko babu yoyo, rana tana da nata rabon. Na auna da kaina a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40: ruwan yana sauka kusan santimita ɗaya a yini. A kan faɗin nawa wannan lita 180 ce, jarka bakwai ke nan kullum tana tafiya sama. Abin mamaki da hunturu ma bai ragu sosai ba, saboda busasshiyar iskar nan tana shan ruwa kamar raƙumi. Wannan lissafin ya dame ni ta wata fuskar. Garin da mutane ke tare 'yan ga-ruwa tun asuba, wasu unguwanni suna jiran ruwan famfo daga madatsar Ajiwa, ni kuma jarka bakwai tana bin iska don nishaɗi. Abu biyu na yi. Na sayi murfin leda mai kauri da ake shimfiɗawa a kan ruwan in ba a amfani da shi, ya rage asarar ƙwarai, ya kuma tare ƙura. Sannan na fitar da kan famfo ƙofar gida don maƙwabta. Ba na cewa wannan ya wanke ni, amma dai na fi samun barci.

Ƙura kuwa, wanda bai ga wurin iyo da safiyar hunturu ba ba zai gane ba. Ka kwanta ruwa garau, ka tashi ka tarar da ƙasan ya yi ja. Injin tacewa na yashi shi ke aikin, famfo yana zagaya ruwan ta cikinsa awa shida zuwa takwas a yini, kuma da hazo duk bayan kwana uku sai na juya shi ya wanke kansa. Bedin nan biyu da na bari don inuwa su ma sun ba ni aiki, ganye da 'ya'ya kullum cikin rariya, ga tsoron saiwa ta kai ga bango. Ɗaya na sare, ɗayan na rage masa rassa, na kafa rumfar ƙarfe da tanti a gefen yamma. Tayil ɗin gefe ma sai da na canja. Na farko mai duhu ne mai sheƙi, ya yi kyau a hoto, amma da azahar ba ya takuwa, in ya jiƙe kuma santsi. Na koma mai haske mai kaushi.

Famfon nan da janareta na fara tafiyar da shi in an ɗauke wuta. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lissafin ya rushe, na koma sola, wanda tun farko ya kamata in yi a garin da rana ba ta yi mana rowa. Kafin in kai ga komawa sola akwai Babbar Sallar da muka tafi Daura kallon hawa muka yi kwana biyar, na kashe komai. Muka dawo ruwan ya zama kore shar, gansakuka ta kama bango, ga kwaɗi, ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil. Hajiya ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi. Daga nan na koyi awo. Akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa: kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya tsaya tsakanin 1 da 3, ma'aunin tsamin ruwa kuma tsakanin 7.2 da 7.6. In tsamin ya kauce, ko ka zuba kulorin nawa ba ya cin ƙwayar cuta yadda ya kamata, ga ido na yaji. Rana kuma tana cinye kulorin, shi ya sa da magariba nake zubawa.

Abin da hotunan Dubai ba su nuna mani ba shi ne sutura. Sai da aka gama uwargida ta fito ta ɗaga kai, ta nuna mani tagar benen maƙwabci, ta ce, "Alhaji, kai da yaranka ka gina wa." Wata biyu ba ta taka wurin ba. Na ƙara tsawon katanga, na ja tantin ya rufe wannan kusurwar, na buɗe ƙofa daga sashen mata kai tsaye, da ɗan banɗaki na canja kaya, don kada mai jiƙaƙƙen kaya ta ratsa tsakar gida. Yanzu akwai lokacin da wurin nasu ne, ni ma ba na leƙawa. Da tun a takarda na tambaye ta, da ramin ma ba a nan zai zauna ba.

Shinge kuwa ba na wasa da maganarsa. Wata rana autanmu, yana ɗan shekara biyu, ya sulale aka same shi tsugune a bakin ruwa yana miƙa hannu ga ƙwallo. Yaro in ya faɗa ruwa ba ya ihu, shiru ake ji. A makon aka kewaye wurin da shingen ƙarfe mai tsawon mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta, sakatar can sama. Murfin leda ba kariya ba ne, yaro na iya takawa ya shige ƙarƙashinsa. Fitilun cikin ruwa masu balt 12 ne, kuma duk wayar da ta nufi wurin ta bi ta na'urar da ke katse wuta nan take in ta fara zurarewa.

Saura bahon ruwan zafin, wanda ake kira jakuzi. Shi na fi ɗoki, shi ya fi ba ni kunya. Na gina shi a kusurwa, ya ɗan fi wurin iyon tudu, mai cin lita 1,000. Wata tara na shekara babu mai marmarin ruwan zafi a Katsina. Da sanyi ya zo kuma sai lissafi ya tare ni: ɗaga ruwan daga digiri 18 zuwa 38 yana cin wuta kusan yunit 23, wato hita mai kilowat 3 ta yi awa takwas tana aiki ba a ɗauke ba. Sau huɗu na kunna a hunturun farko. Daga baya na ɗora tankin dumama ruwa na hasken rana a kan rufin banɗakin, na haɗa da bahon, na sama masa murfi mai soso. Ba ya kai zafin na otal, kuma dama ba a son ya wuce digiri 40, mai juna biyu da ƙananan yara ma gara su bar shi, amma da la'asar yana yin ɗumi mai daɗi.

Mai amfani da shi yanzu Hajiya ce. Gwiwoyinta suna damunta da sanyi, wata jikarta ta lallaɓe ta ta zauna a baki ta tsoma ƙafa. Tun daga ranar, da an yi sallar la'asar a watan Janairu sai ta aiko a tambaye ni ko kududdufin ya yi ɗumi.